Iya Ruwa Fidda Kai: Abin da Ciwon Ƙafa Ya Koya Mana a Ƙonni

 

A kowane gari namu akwai ƴan gudun asuba. A Ƙonni za ka gan su a hanyar Tsarnawa da hanyar Yamai, a Malbaza suna bin gefen kwalta kafin manyan motoci su yi yawa, a Illela suna zagaya filin ƙwallo. Wasu samari ne masu jiran a buɗe ɗaukar soja ko jandarma ko ƴan sanda. Wasu ƴan makaranta ne masu shirin jarrabawar wasanni ta BEPC ko BAC. Wasu ƴan kokowa ne masu neman numfashi. Wasu kuma magidanta ne da lokotoro ya ce musu ko su motsa jiki, ko hawan jini da ciwon suga su kwantar da su.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne masu ɓacewa daga cikin layin. Wanda ka saba gani kullum, sai ka yi sati biyu ba ka gan shi ba. In ka tambaya sai a ce ƙafa ce. Gwiwa, ko ƙwauri, ko agara, ko dunduniya. Daga nan hanya biyu muka san mutane na bi. Wani ya ajiye takalmi gaba ɗaya, tumbi ya fito, bayan shekara ka gan shi yana haki in ya ɗaga buhun hatsi. Wani kuma ya haɗiyi ƙwayar kashe zafi, ya ɗaure ƙafa da roba, ya ci gaba da dukan kwalta har ciwon sati 6 ya zama na shekara, in ma bai ƙare da sabon ciwo na shan tiramol ba. Akwai hanya ta uku, ita muke so mu faɗa muku, don mun bi ta, mun ga inda take da sauƙi da inda take da wuya a ƙasar nan tamu.

Mu ƴan fada guda ne a Ƙonni, mu 12. Shayi ya haɗa mu, gudu ya riƙe mu. Cikin rani guda mutum 4 daga cikinmu suka ji ciwo. Babban yayanmu, malamin makaranta da ya haura shekara 50, gwiwa ta riƙe shi. Mutum biyu agara ce, jijiyar nan ta bayan dunduniya, wadda in ka tashi da safe ka taka ƙasa sai ka ji kamar an ɗaure ta da igiya. Na huɗun shi ne autanmu, ɗan shekara 21, wanda duk burinsa a duniya ya sa kaki. Shi ƙwauri ne. Da farko zafin sai ya yi nisa da gudu, daga baya tun takun farko, daga ƙarshe har yana kwance da dare. Wuri guda ne, in an ɗora yatsa a kai sai ya zabura.

Da muka raka shi likita, lokotoro ya matsa wurin, ya sa shi ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya kasa. Sai ya ce masa: "Samari, ƙashin ga ya tsage, amma bai karye ba. In ka ba shi wata biyu, shina warkewa. In ka ƙi, shi zai karɓi wata shidda gare ka, kana so ko ba ka so."

Auta ya ce: "Lokotoro, in na zamna wata biyu ai numfashina duk ya tahi."

Ya ce: "Wa ya ce maka ka zamna? Gudu na hana ka. Ƙashi na ce a bari ya huta, ban ce zuciya ta bar aiki ba."

Bayanin da ya biyo baya ya kamata duk mai gudu ya san shi. Kowane takun mai gudu, ƙafarsa tana karɓar nauyin da ya ninka na jikinsa sau 2 zuwa 3. Ga mutum mai kilo 65, kamar a ɗora wa ƙafa ɗaya buhun siminti 3 ne a kowane taku, alhali a gudun kilomita 10 akwai taku kusan 10,000. Ƙashi abu ne mai rai, aiki na cin shi kaɗan-kaɗan yana sake gina kansa, amma ginin ya fi cin ɗaukar lokaci. Numfashi yana ƙaruwa cikin ƴan makonni, tsoka ma haka, ƙashi da jijiya kuwa sai watanni. Shi ya sa wanda ya ji an kusa ɗaukar soja ya ninka gudunsa cikin wata guda yakan ji ƙirjinsa lafiya lau, ƙwaurinsa kuwa yana tsagewa a ɓoye. Irin wannan tsagewa sau da yawa hoton ƙashi ba ya nuna ta a sati 2 ko 3 na farko. Kuma ba aikin maɗori ba ce. Maɗoranmu sun san aikinsu, amma a nan babu abin da ya goce da za a mayar. Hutu take so, sati 6 zuwa 8, wani lokaci fiye.

Ga wanda bai san gidan su Auta ba, wata biyu ba komai ba ne. Amma shi ne babban namiji a ɗakinsu, kuma duk gidan ido na kansa. Shi kuwa Yaya Malam, gudun ne ke riƙe masa hawan jini. Wata guda da barinsa, awo ya fara hawa. Fadar tamu ta yi shiru, masu lafiya na jin kunyar ba da labarin gudun safe a gaban masu ɗingishi.

Yaya Malam ne ya fara fito da keke. Tsohon kekensa ne na zamanin yana koyarwa a ƙauye, yana jingine bayan rumbu, kaji na kwana a kai. Mai faci ya sa masa tayoyi da burki da sarƙa, kuɗin bai kai na takalmin gudu mai kyau ba. Kun dai san matsayin keke a garinmu tun da moto ya cika gari. Ya zama abin yara da na wanda bai da hali. Ranar farko wani ɗan kabu-kabu, tsohon ɗalibinsa, ya tsaya ya ce: "Malam, lafiya? An saida moton ne?" Ya ce: "Moton na nan, ɗana. Gwiwa ce ta saida ni, nike so in fanshi kaina."

Kafin wata ya ƙare muna da keke 7, na aro da na gado da na gwanjo. Abin da ya sa keke ke yi wa mai ciwon gudu amfani shi ne sirdi ke ɗaukar nauyin jiki, ƙafa juyawa kawai take yi, babu duka. Zuciya da huhu na samun aikinsu, ƙashi na samun hutunsa. Amma akwai ƙa'ida. Yawancin kekunan garinmu sirdinsu a ƙasa yake, mutum na tuƙi gwiwa na neman taɓa ƙirji, kuma wannan shi ke ƙara ciwon gwiwa. Awon da muke yi mai sauƙi ne: ka hau, ka ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. In ka koma tuƙi da gaban tafin ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, to nan ne daidai. Mai ciwon agara ya ɗan sauke sirdin, ya taka da tsakiyar ƙafa. Sannan juyawa da sauri ba da ƙarfi ba ta fi dannawa da ƙarfi. Shi Auta bai hau ba sai da tafiyar ƙasa ta daina yi masa zafi kuma lokotoro ya yarda.

Hanyarmu ita ce Ƙonni zuwa Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da ta Maradi. Kusan kilomita 15 ne, zuwa da dawowa kusan 30. A lokacin hunturu iska daga gabas maso arewa take busowa, don haka a tafiya kana kokowa da ita, a dawowa ita ke tura ka gida. Babbar hanya ce, motocin siminti na Malbaza da na albasar Galmi da manyan motocin fasinja duk ita suke bi, shi ya sa muka kafa wa kanmu doka. Ba ma fita sai gari ya waye sosai. Layi ɗaya muke yi a hannun dama, ba a jerawa biyu ana hira. Riga mai haske, hular kwano a kai. In manyan motoci biyu za su gamu kusa da mu, mu ke sauka daga kwalta, ba ma jayayya da ƙarfe.

Muna cikin haka wani ƙanenmu mai karatu a jami'a a Yamai ya zo hutu. Ya saurari labarinmu ya yi dariya ya ce: "Yaya, ai abin da kuke yi saura ƙafa guda ya zama wasan Olimpik. Ku ƙara da iyo, kun zama ƴan tiriyatlon."

Tiriyatlon tsere ne mai hawa uku a jere ba hutu: iyo, keke, gudu. Mu tseren uku muke ce masa. Abin da ya ba mu mamaki shi ne ƴan gudu ne suka fara shi a siffarsa ta yanzu. Ranar 25 ga Satumba 1974, a birnin San Diyego na Amurka, mutum biyu daga wata ƙungiyar ƴan gudu, Jack Johnstone da Don Shanahan, suka shirya na farko, mutum 46 suka shiga. A watan Fabrairu 1978 a tsibirin Oahu na Hawai aka yi na farkon wanda ake kira Ironman: iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42. Mutum 15 suka tashi, 12 suka gama, wanda ya zo na ɗaya, Gordon Haller, ya yi awa 11 da minti 46. A 1989 aka kafa hukumar wasan ta duniya a garin Abinyon na Faransa, a 2000 kuma ya shiga Olimpik a Sidni. Ɗan Afirka na farko da ya samu lambar Olimpik a wasan shi ne Henri Schoeman na Afirka ta Kudu, tagulla ya ci a Riyo a 2016, a gasar da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo mana azurfa a takwando.

Mun ɗora awon wasan a kan hanyoyinmu don mu gane shi. Na Olimpik iyo kilomita 1.5 ne, keke 40, gudu 10, wato keken kusan tazarar Ƙonni da Malbaza. Keken Ironman ya wuce Ƙonni zuwa Tawa da nisa, wannan mun bar wa masu shi. Amma akwai gajere: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Keken bai ma kai zuwa Tsarnawa da dawowa ba. Muka dubi juna. Biyu na hannunmu. Saura ruwa.

To jama'a, a nan maganar ta fi ƙarfin fada guda.

Ba ruwa muka rasa ba. Muna da Majiya, muna da baraj na Mozage da na Zango, muna da tafkin Cerasa da hanyoyin ruwan da ke shayar da fiye da hekta 2,000 na noman rani a Ƙonni. In damina ta yi kyau, kowane kududdufi da kowane ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini cike yake. Amma duk wanda ya tashi a nan ya san abin da ke cikin irin wannan ruwa. Tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin wani ƙaramin dodon koɗi take girma, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ba tare da ya ji ba. Bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. A da har wasu na ɗaukar abin kamar alamar girma ce ga ɗa namiji, alhali cuta ce da in ta daɗe take lalata mafitsara da ƙoda. Akwai maganinta, shi ne ƙwayar nan da ake rabawa a makarantu, amma maganin ba ya hana a sake kamuwa in aka koma ruwan. Wanda ya gudu daga ciwon ƙwauri ya faɗa tsargiya bai ci riba ba.

Na biyu shi ne nutsewa. Da muka tambayi kanmu, cikin mu 12 mutum 3 ne kaɗai suka iya iyo na gaskiya. Sauran facal-facal ne a bakin ruwa inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Babu unguwar da ba ta da labarin yaron da ruwa ya ci a damina, a kududdufi ko a hanyar ruwa ko a ƙorama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce a gaba. Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa. Ku duba kwanan watan, tsakiyar daminarmu ne.

Mafita daga garka ta zo mana. Kawun ɗaya daga cikinmu yana da garka a bayan gari, da rijiya da injin ban ruwa da babban basan na siminti inda yake tara ruwa kafin ya saki wa albasa da kabeji. Tsawonsa bai wuce taku 6 ba, zurfinsa iya ƙirjin babba. Ruwan daga rijiya yake fitowa kai tsaye, kullum ana zubar da shi a cika sabo, ana wanke gansakuka, babu inda dodon koɗi zai zauna. Da muka je da buƙatarmu, tsohon ya dube mu sama da ƙasa ya ce: "Ku ɗiyan zamani, abin da kunka biɗo yau ke nan? Ruwan albasa?" Yaya Malam ya ce: "Kawu, magani ne muke biɗa." Ya ce: "To ku shiga. Amma ba sabulu, ba fitsari, kuma ku sa man injin." Haka aka yi.

A cikin ruwa iya ƙugu, ƙafa rabin nauyin jiki take ɗauka. Iya ƙirji kusan kashi ɗaya cikin uku, iya wuya kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Shi ya sa mai tsagaggen ƙashi zai iya yin gudu a tsaye cikin ruwa, yana ɗaga gwiwa yana kaɗa hannu har ya yi haki, ƙwauri bai sani ba. Iyo kuma a wuri mai taku 6, dabarar ita ce ɗauri. Muka samu tsohuwar robar cikin tayar moto muka yanka, muka ɗaura gefe guda a ƙugu, gefe guda a turken da ke bakin basan. Kana iyo, roba na riƙe ka, kana wuri ɗaya. Ba a ƙirga mita, minti ake ƙirgawa. Ba dabararmu ba ce, masu iyo a ƙasashe da yawa na yin ta in wuri ya yi musu kaɗan.

Abu mafi wuya ga babba shi ne sa fuska cikin ruwa. Ƙato mai gemu, wanda ke gudun kilomita 15 ba ya haki, sai ka ga ya riƙe bakin basan kamar jariri ya riƙe zanen uwarsa. Darasin farko ba hannu ba ne ba ƙafa ba, numfashi ne: ka fitar da iska cikin ruwa ta hanci da baki, ka juya kai gefe ka shaƙa. Na biyu kwanciya rigingine a kan ruwa ba motsi, wanda shi ne ke ceton rai in mutum ya gaji ko ya faɗa ruwa ba shiri. Dokarmu a nan guda ce ba ta da sassauci: ba wanda ke shiga shi kaɗai, ko da ruwan iya gwiwa ne.

In wani ya ce iyo ba na mutanen Nijar ba ne, sai mu tuna masa da mutum biyu. A Sidni a 2000, duniya ta san Eric Moussambani na Gini Ikwatoriyal, wanda ya yi iyon mita 100 shi kaɗai cikin minti 1 da daƙiƙa 52, da ƙyar ya kai. Abin da ya sa ya yi shi kaɗai shi ne an fitar da abokan tserensa biyu saboda sun faɗa ruwa kafin a ba da alama, ɗaya daga cikinsu ɗan Nijar ne, Karim Bare. A Landan kuma a 2012, Hamadou Djibo Issaka ya wakilce mu a tseren kwale-kwale bayan wata 3 kacal da fara koyo. Na ƙarshe ya zo, amma jama'a suka miƙe suna yi masa tafi har ya kai. Mutanen nan ba zuciya suka rasa ba. Wurin koyo da lokacin koyo ne suka yi musu kaɗan.

Komawa gudu shi ne inda ake bukatar haƙuri fiye da ko'ina. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan lokotoro ya sallami Auta, da minti 1 na sassarfa da minti 4 na tafiya ya fara, sau 5, rana guda a yi, rana guda a huta. Kuma ba a kwalta ba, a hanyar jar ƙasa mai laushi. Kowane sati a ƙara kaɗan. In zafin ya dawo wuri guda, a koma baya. Yanzu tsarin fadarmu gaba ɗaya, har waɗanda ba su taɓa jin ciwo ba, shi ne gudu kwana 3 a sati maimakon 6, keke kwana 2, ruwa kwana 1 ko 2, Juma'a hutu. Aikin zuciya bai ragu ba, dukan ƙashi ya ragu da rabi.

Zafin garinmu ma sai an yi lissafi da shi. A Afirilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, duk abin da za a yi a gama shi kafin rana ta ɗaga. A kan keke iska na busar da gumi, mutum bai san ruwa na fita jikinsa ba, don haka kowa da gorarsa. In tafiyar ta wuce awa guda muna haɗa ruwan gishiri da suga irin wanda aka sani: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da azumi muna rage komai, abin da ya rage a yi shi bayan an sha ruwa.

Da sanyi ya shigo muka yi namu tseren ukun, wata Lahadi, mu 9. Kowa minti 15 a ɗaure cikin basan, bi da bi, sannan keke kilomita 10 a hanyar Tsarnawa a juyo, sannan gudu kilomita 5. Duk wanda ya taɓa sauka daga keke ya ce zai yi gudu nan take ya san abin da muke nufi in mun ce ƙafafun kamar na aro ne. Kilomita na farko kamar kana tafiya cikin taɓo. Babu kofi, babu lamba, fura ce da ƙosai a gindin bedi. Yaya Malam ne ya zo na ƙarshe, muka koma muka taryo shi. Da ya zauna ya ce: "Gwiwar ba ta ce komi ba." A wurinmu wannan maganar ta fi kofi.

Ba za mu ɓoye muku ba, ɗaukar da Auta yake jira ta zo yana tsakiyar jinya, ta wuce ba shi. Ya yi kwana biyu bai fito ba. Innarsa ce ta ce masa: "Ɗana, kaki na nan zuwa wata shekara. Ƙafa in ta tahi ba ta dawowa." Yau yana gudu ba ciwo, numfashinsa ya fi na da, yana jiran ta gaba. Kuma shi da bai iya ko kwanciya a kan ruwa ba, yanzu shi ke koya wa ƙannensa da ɗiyan mai garka. Yara 6 sun iya riƙe kansu a ruwa ta hannunsa.

Ga ƴan uwanmu na Illela da Badagishiri da ƙauyukan Adar, inda dutse ya fi ruwa yawa, kada rashin wurin iyo ya hana ku. Akwai mai hawa biyu da ake kira duwatlon, gudu, keke, sannan gudu, shi ma wasa ne da aka yarda da shi a duniya. Hawa da gangaren ƙasarku sun fi namu daɗin keke. Abin da dai ba mu yarda da shi ba shi ne a ce don ana son cika uku a faɗa baraj ko kududdufi.

Amma basan ɗin garka ba zai ishi gari ba. Abin da muke roƙon magadan gari da sarakunanmu da masu hali na gida da na waje shi ne a fara tunanin wurin koyon iyo, ko guda ɗaya a kowane babban gari. Ba irin na otal ba. Rami mai mita 25, iya ƙirjin yaro a gefe guda, da katanga, da ruwan famfo ko na rijiya mai magani, da mai gadi, da malami. Ƙasar da ake yin siminti a cikinta tun shekarun 1960 bai kamata a ce wannan ya gagare ta ba. A ware ranakun mata da malama mace, don ƴan matanmu su ne masu wanki da ɗiban ruwa a bakin hanyoyin ruwa, kuma ruwa ba ya tambayar wanda ya faɗa namiji ne ko mace. Malaman wasanni na makarantu su kai ɗalibai aji-aji. In an samu ɗan tseren uku daga ciki wata rana, madalla. In ba a samu ba, yaran da za su wuce damina da ransu sun isa riba.

Ga mai ciwon gudu kuma, saƙonmu gajere ne. Ciwon da ke wuri guda a ƙashi, ko mai tashinka daga barci, ko mai sa ka ɗingishi, ka kai shi likita kafin ya kai ka. Kar ka rufe masa baki da ƙwaya, jiki magayi ne. Kuma kar ka zauna. Raba kayan uku, ƙafa ta ɗauki nata, keke ya ɗauki nasa, ruwa mai tsabta ya ɗauki saura.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mana ƴaƴanmu daga ruwa da hanya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.